Garin da Kowa Ya Tafi Masallaci

Hayaƙi na fara gani. Satina biyu da zuwa Amurka, mijina ya sauke ni a bakin wani layi a Port Richmond, ya ce gida na huɗu ne mai koriyar ƙofa, shi zai wuce aiki. Ina tafe ina ƙirga gidaje sai idona ya faɗa kan wata 'yar taga daidai idon sawuna, tagar ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ake kira besmen. Wani siririn hayaƙi fari yana tashi a ciki, kamar na turaren wuta. Na tsuguna da sabon leshina na leƙa. Sai ga tsauni, ga daji, ga gadar katako a kan rafi, ga wani jirgin ƙasa da bai kai tsawon hannuna ba yana hawa dutse a hankali da gumagumai a bayansa. Na manta da sanyi. Can sai wata ƙatuwar fuska ta ɓullo ta bayan tsaunin, da gilashin masu gyaran agogo a ido ɗaya, ta dube ni ta yi murmushi. Haka na fara ganin Kawu, yayan mahaifiyata, wanda aka tafi da shi Gana wajen 'yan uwa masu fataucin goro tun ba a haifi mahaifiyata ba.

Shekara takwas bayan haka, wata Laraba bayan la'asar, Allah ya karɓi abinsa. Kwana biyar ya yi a asibiti. Aka kai shi makwancinsa can New Jersey, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a falo.

Kowa da irin abin da ya tuna. Liman ya ce shekara ashirin bai taɓa waiwayowa bayan sallama ya rasa Alhaji a sahun farko ba. Mai shagon kan kwana, mutumin Maraɗi, ya zauna yana girgiza kai yana cewa, "Shef-da-gar ya tafi," don shi da Faransanci yake yi masa kirari, wato shugaban tashar jirgi. Matan unguwar Park Hill da suka zo da kulolin wake da shinkafa suka yi addu'a, sannan na ji ɗaya tana raɗa wa 'yar uwarta a kicin, "Mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa. Sai dai wasan yaran nan da ya tsufa a kai."

Rana ta uku wasu tsofaffin Turawa biyu suka yi sallama irin tasu. Abokansa ne daga ƙungiyar masu haɗa ƙananan jirage. Suka ga tarin takalma a ƙofa suka cire nasu, ɗaya safarsa a huje. Da ƙyar suka iya zaman tabarma. Da aka ɗaga hannu ana addu'a su ma suka ɗaga, suna satar kallon maƙwabtansu don su ga lokacin shafawa. Dogon cikinsu ya ce wa matar Kawu, wadda muke kira Mma, a duk ƙungiyarsu babu mai hannun mijinta. Na fassara mata duk da ta ji. Ta ce a gode musu, a ba su ruwa.

Da suka fita ta dube ni. Ba ta kiran sunana, don sunan mahaifiyar Kawu aka sa mini. Ta ce, "Uwar miji, ki gaya wa yayanki, ɗan nan nawa, in an yi sadakar arba'in ya zo da manyan ledoji. Duk abin da ke ƙasan nan, bola. Landilod mai gidan hayar nan ma ya ce yana son besmen ɗinsa."

Na ce, "Mma, duka?"

"Har ƙusa."

Wannan ne ya sa nake rubutun nan. Na ga yadda ake iya kwashe mutum a leda cikin yini guda, na ji tsoro.

Kawu fita ne, mai gyaran injin jirgin ƙasa. A Sakunde, can Gana, ya koyi aikin, ya yi shekaru yana shiga cikin tukunyar injin tururi yana fita baƙi ƙirin. Da ya zo nan, sai ga shi yana jinyar tsofaffi a gidajensu. Cikin waɗanda ya yi wa jinya akwai wani dattijo mai akwatin tagulla a ƙarƙashin gado, ƙananan ƙarafa sun fi ɗari biyu, na wani injin da ya saya zai haɗa hannunsa ya fara rawa. Kawu yakan zazzage su a kan tire, tsohon yana nuna masa da baki, shi yana haɗawa. Da tsohon ya mutu 'yarsa ta miƙa wa Kawu akwatin ta ce naka ne. Shekara biyu ya yi kafin injin ya motsa.

Ba irin jiragen da ya sani a Gana ba ne, kuma bai taɓa ganin na gasken ba sai a hoto. Irin na masu yankan timba ne a duwatsun Amurka a zamanin da. Injin jirgin da muka sani, dogon hannun ƙarfe ne ke tura manyan ƙafafunsa. Wannan kuwa mai giya ne, irin giyar mota. Fistin, wato ƙarafan da tururi ke turawa sama da ƙasa, uku ne a tsaye a gefen damansa, suna juya wata doguwar sandar ƙarfe da ta bi gefensa tun daga gaba har baya, sandar kuma tana da haƙora masu cizon kowace ƙafa. Saboda nauyi ya taru a dama, sai aka matsar da tukunyar hagu, ya zama in ka dube shi ta gaba kamar mutumin da ya ɗauki tulu a kafaɗa ɗaya. An rage komai nasa sau arba'in da takwas. Lantarki ke tafiyar da shi, hayaƙin kuma ɗigon mai ne da Kawu ke ɗiga masa da bakin allura.

Yakan ce, "Uwata, wannan ko keke ya wuce shi. Amma ki ba shi layi karkatacce, ki ba shi dutse, ki lafta masa kaya. Ba zai tambaye ki dalili ba."

Asabar da rana nake zuwa. Ni na taso da littattafan haya a ƙarƙashin filo, na zo ƙasar nan ina jiran mijin da zai riƙa gaya mini ni ce hasken idonsa, sai na sami direban tasi mai dawowa ya ci tuwo ya yi barci. Wata rana na sauko besmen idona jawur, na fara kai ƙara. Kawu bai ɗago ba. Ya miƙo mini gilashinsa ya ce in sunkuya in kalli gefen injin. Fistin ɗin nan uku sai tsalle suke kamar za su tashi sama, ƙafafun kuwa suna juyawa a natse.

Ya ce, "Wanda ya tsaya nesa zai ce ba ya komai. Takalmin sanyin da ke ƙafarki, wa ya sayo?"

Na ce shi ne.

"Kin roƙe shi?"

"Ban ma san za a yi sanyi haka ba."

"To riƙe mini wannan waya."

Ban sake kai masa ƙara ba. Sai daga baya na gane ba mijina kaɗai yake nufi ba.

Da farko garin nasa cike yake da mutane: direba da hularsa, masu zarto, wata mata da kwando a bakin tasha, kowannensu bai kai ɗan yatsa ba. Har ranar da Liman ya sauko ganin abin da ake ta faɗa. Ya zagaya ya yaba gadar, sannan ya tsaya.

"Alhaji, mutum-mutumi a gidan mai salla?"

"Malam, ai direba ne."

"Yana da kai?"

"Yana da kai, har da hula."

Suka yi ta ja har Mma ta leƙo daga saman bene ta ce abinci zai huce. Sati guda Kawu bai kunna jirgi ba. Asabar ta gaba na same shi yana cire mutanen ɗaya bayan ɗaya da hantsaki yana jera su a gwangwanin madara, a kan auduga don kada su ƙarce. Ya mayar wa ƙungiya. Garin ya yi tsit. Sai ya share wani fili a gindin tsaunin ya gina masallaci irin na Zango, unguwar Hausawa a Gana, da rufin kwano mai tsatsa da randar alwala, ya bar ƙofar a ɗan buɗe yadda ba a ganin ciki.

Turawan suka tambaye shi ina mutanen gari. Ya ce sun tafi Juma'a.

Na ce, "Kawu, har direban? To wa ke tuƙi?"

Ya ce, "Ya bar shi yana tafiya. Ai ba gudu yake ba, in an idar zai cim masa."

Daga nan takalma suka fara bayyana a ƙofar masallacin, kowanne kamar ƙwayar shinkafa. Yau ƙafa biyu, bayan wata uku an ƙara biyu. Na ɗauka ado ne kawai.

Rigimarsa da Mma kuwa ta samo asali ne daga rasuwar mahaifiyarta a Sakunde, shekara uku da zuwana. Takardun Mma ba su fito ba, in ta fita ba ta da hanyar dawowa. Ta wayar hannu ta ga an fita da makara. Aka yi zaman makoki a falon nan, Kawu ya karɓi gaisuwar maza yadda ya kamata. Amma da zarar mutane sun watse da yamma, maimakon ya zauna kusa da ita, sai ya sauka besmen. Kwana uku yana haka. A rana ta ukun ta tsaya a saman bene ta ce, ina ji da kunnena, "Uwata ta mutu kana wasa da jirgi. Na gode, Alhaji." Bai ce uffan ba. Tun daga ranar ƙafarta ba ta sake taka matakalar nan ba. Tana dafa masa koko da ƙosai, tana guge masa riguna, suna hira, har dariya suna yi. Amma in zai sauka sai ta ce, "A gaida mutanen gari," da wata murya mai sanyi da na fi tsoro a kan faɗa.

Shekara guda kafin rasuwarsa ya gaya mini. Ina taya shi share ƙurar bishiyoyi da burushin kwalliya, hannuna ya kusa taɓa takalman, ya riƙe ni da sauri.

"A hankali, Uwata. Waɗannan masu su suna ciki."

Sai ya bi su da bakin hantsaki yana faɗa mini. Wannan na maigidansa ne da ya koya masa aiki. Wannan na ƙanen mahaifinsu. Wannan sau-ciki na abokinsa da suka yi kwana ɗaki ɗaya a Kumasi. Duk wanda ya mutu a gida bai samu zuwa jana'izarsa ba, sai ya rufe ido ya tuno takalmin da ya san shi da shi, ya yanka fata ya yi masa. Na mutum goma sha tara na ƙirga, har da na kakata. A gefen ƙofar mata kuwa akwai wasu jajayen silifa da aka ware gefe guda.

Na ce, "Kawu, don Allah ka nuna wa Mma."

"Za ta ce na mai da uwarta abin wasa. Ki yi mini alkawari, muddin ina numfashi."

Na yi masa. Na riƙe alkawarin har aka rufe shi, sannan na kwana talatin da tara ina tunanin ko numfashin da ya ce ya ƙare, ko kuwa har yanzu amana ce.

Washegarin sadakar arba'in da hantsi Yaya, ɗansu ɗaya tilo, ya iso daga Ohio da motar kaya da ledoji baƙaƙe. Abokin wasana ne, ko a makoki ba ya raga mini. Ya ce, "'Yar littafi, zo ki riƙe leda, in kuka za ki yi ki yi a ciki." Amma na ga ya daɗe a tsaye gaban tsaunin da sukudireba a hannu bai taɓa komai ba.

Na hau sama. Mma na zaune a kan darduma da kayan takaba, carbi a hannu. Na durƙusa.

"Mma, ki sauko sau ɗaya kafin a kwashe."

"Me na ajiye a can?"

"Ba ke kika ajiye ba. An ajiye miki."

"Uwar miji, gwiwata ba ta son wasa."

"Zan riƙe ki. In kin gani kin ce bola, ni da kaina zan ɗaure ledar."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta miƙo hannu. Matakala goma sha biyu ce, muka sauka ɗaya-ɗaya. Ta tsaya tana kallon dajin da rafin kamar baƙuwar da aka sauke a tashar da ba tata ba. Na kai ta gaban masallacin, na sa mata gilashin Kawu, na nuna gefen ƙofar mata. Na ja gefe.

Mahaifiyar Mma ƙafarta ta hagu ta ɗan gaza ta dama tun haihuwa. Duk silifan da ta saya sai an kai wa baduku ya ƙara wa na hagun taya a ƙasa. Ni ban san wannan ba, Kawu bai gaya mini ba. Mma ce ta faɗa, tana sunkuye, da murya kamar mai magana cikin barci.

"Ya ƙara masa tayar. Dubi, na hagun ya fi kauri. Har jan da take so."

Yaya ya matso ya ce, "Mma, mene ne?"

"Kakarka ce ta shiga salla."

Ta ja kujerar Kawu ta zauna. Ta bi sauran da ido, tana gane wasu da kanta, ina gaya mata wasu. Ba ta yi kuka mai sauti ba, hawayen ne kawai ke taruwa a gilashin, tana cirewa tana gogewa da gefen mayafi tana mayarwa. Can ta ce, "Kwana ukun nan ke nan."

Na ce, "Su ne, Mma."

"Bakin mutum yana nan, ya ƙi amfani da shi." Ta ajiye gilashin. "A kunna mini abin."

Yaya bai san inda ake taɓawa ba. Na ɗiga man, na murɗa makunnin kaɗan yadda aka koya mini. Fistin suka fara rawarsu, sandar ta juya, haƙora suka kama. Injin ya fito daga bayan masallaci a karkace, ya haye gada, ya doshi dutsen da gumagumansa, hayaƙin na bin sa a baya. Muka bi shi da ido mu uku har ya kai ƙoli.

Mma ta ce, "Haka yake tafiya. Ko ranar aurenmu sai da aka jira shi." Ta juya wajen ɗanta. "Mayar da ledojinka mota."

Besmen dai ya koma hannun mai shi, wannan babu makawa. Turawan nan biyu suka zo da ƙaramin zarto suka raba garin gida uku. Daji da rafi suka tafi ƙungiya. Masallacin da gefen dutsen da layi mai zagaye ɗaya aka hau da su falo. Wuri bai isa ba, sai Mma ta sa aka fitar da shogilas ɗinta na kwanuka da tangaran, wanda ta shekara ashirin tana tarawa, ta raba wa 'yan matan da ke shirin aure. Matan Park Hill suka yi magana. Ta ce musu kwano ba ya hawa dutse.

Kafin ta fita takaba ta ɗauko takalmin Kawu na zuwa Juma'a, ta yanki fata daga harshensa da almakashin ɗinki, ta yi masa nasa. Hannunta ba na fita irin Kawu ba ne, suka fito sun ninka na kowa sau uku, kamar kwale-kwale biyu a ƙofar masallaci. Dogon Baturen ya ce cikin ladabi zai iya rage su su dace da ma'auni. Ta ce a gaya masa mijinta babbar ƙafa gare shi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya tarar da sahun da ya yi wa tanadi, ya haɗa shi da duk masu takalman nan a inuwa ɗaya. Ya yafe masa shirunsa, mu ma ya yafe mana yawan maganarmu a kansa.

Mma tana nan. Takardunta sun fito bayan shekara biyu, ta je Sakunde ta ga inda aka kwantar da mahaifiyarta, kowa ya ce ba za ta dawo ba, ta dawo. Yanzu a unguwar Stapleton take, a ɗaki biyu kusa da mu, idonta ya yi rauni, gwiwar ta ƙi. Duk Juma'a in maza sun tafi masallaci sai ta lalubi makunnin ta murɗa, ta zauna tana yi wa injin faɗa. "Kai dai ba ka san sauri ba. To tafi, ina kallonka." Ta iya ɗiga man da kanta, ba ta yarda kowa ya taɓa allurar.

Watan jiya na je gaishe ta, ta miƙo mini wata 'yar ambulan. Na buɗe na ga guntun fata ruwan ɗorawa, na gane daga takalmin bikinta ne da take ji da shi.

Ta ce, "Uwar miji, ki ajiye. In lokaci ya yi kada ki yi mini irin takalman asibitin nan masu faɗi. Kuma kada ki kai ni ƙofar mata."

Na ce, "To ina, Mma?"

"Kusa da kwale-kwalen can. Ina da maganar da zan gaya masa in ya fito."